Ɗan Farin Mai Tsaron Gida

Ƙanena Kanta ya tafi yaƙin Turawa da ƙafa biyu, ya dawo da ƙafa biyu, wannan kam mun gode wa Allah. Amma ya dawo da wani abu a cikin jakarsa, ƙwallon fata mai igiya a baki wadda suke kira balo, kuma tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Sojojin wasu gidaje da keken ɗinki suka dawo, wasu da agogo. Nawa ƙanen ya dawo da abin da zai sa magidanta su riƙa gudu da gajeren wando a gaban surukansu.

Ya tara masunta da 'yan lambu, suka share fili a bakin tafkin Madarumfa, suka kafa itace biyu nan, biyu can, ya sa wa ƙungiyar suna Giwan Ruwa. In ka cire na cikin Maradi, ita ce ta farko a duk ƙasar nan, kuma a shekarun farko ta yi suna. Akwai shekarar da suka je har Maradi suka lallasa malaman ofis masu takalma, su kuwa ƙafarsu a ƙasa, aka tarbo su da kalangu tun daga bayan gari. To amma giwan ruwa ma tsufa yake yi. Waɗanda aka fara da su suka yi tumbi, suka yi iyali, gwiwoyi suka fara ƙara. Kimanin shekara goma bayan yaƙi aka sauke su zuwa rukuni na biyu, inda ake karawa da mahautan Maradi da yaran mota da 'yan dakon gyaɗa. Kanta ya ce shekara ɗaya kawai za su yi a can su koma sama. Haka kowane mai faɗawa rijiya yake cewa.

Ni ce Balaraba, yayarsa. Duk ranar Lahadin da ake wasa a gida ina suyar kifi a gefen fili, ta ɓangaren tafki. Ba wanda ya koya mini dokar wasan, amma wadda ta shekara da shekaru ana harbo mata ƙwallo cikin kasko dole ta gane wani abu. Abin da na gane a waccan shekarar shi ne, ba tsufa kaɗai ke cin Giwan Ruwa ba, har da kunya.

Yahaya ɗan farin Kanta ne, amma ɗana ne. Ranar da aka yaye shi aka kawo mini shi kamar yadda ake yi. Ni na goya shi, ni na yi jinyarsa da ƙyanda, ni na sha fitsarinsa a gadon baya. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Haka muka taras, ba wanda ya ce laifi ne. Sai dai mutane kan sami dabara, wani ya sa wa yaro laƙabi, wani ya ce mai sunan wane. Kanta ko laƙabin bai yarda da shi ba, domin shi in ya riƙe abu, riƙon soja yake yi masa. In ya zo gidana sai ya tsaya a zaure ya ce, "Yaya, mutanen gidanki lahiya?" alhali tun rasuwar mijina ni da Yahaya kaɗai ne a gidan. Sai ya ajiye kifi mafi girma a cikin kamunsa ya ce na mutanen gida ne. Ya san sarai ni ba cin kifi nake yi ba, ƙaurinsa ya gama gundurata a wajen suya.

A gida wannan kunya ado ce. A fili kuwa masifa ta zama.

Kanta ne mai tsaron gida, kuma shi ne shugaba. Daga inda yake tsaye yana ganin fili duka, don haka shi ke ba da umarni, da muryar nan tasa ta bariki. Yana kiran Audu, yana kiran Mato, kowa da sunansa, wani har da sunan uwarsa in ya yi shirme. Yahaya kuwa, wanda ya kai shekara ashirin a lokacin, shi ke buga gefen hagu, kusa da kaskona, kuma duk ƙungiyar ba mai gudunsa. In Kanta na son ya gargaɗe shi cewa ga mutum a bayansa, sai ya ce, "Kai!" Mutum goma su waiwaya a tare. Kafin su gama tambayar juna wane kai ɗin ake nufi, mahauta sun wuce da ƙwallo.

Wannan ma da sauƙi. In Kanta ya cafe ƙwallo, sau da yawa Yahaya na can shi kaɗai, ba mai tsaronsa, ya ɗaga hannu, fili a buɗe har gidan abokan karawa. Kanta zai gan shi, na rantse yana ganinsa. Sai ya sunkuyar da kai ya jefa wa Audu, wanda tumbinsa ke riga ƙafarsa isa wurin ƙwallo. A ganin Kanta, ya jefa wa ɗansa a gaban jama'a daidai yake da ya tsaya a kasuwa yana nuna shi yana cewa ga nawa. Bayan wasa kuma yakan bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya yi masa faɗa. In ya zo kan Yahaya sai ya tsaya yana kallon tsamiya kamar ranar aka dasa ta, sannan ya wuce.

Haka shekarar ta yi ta tafiya. Mahauta suka ci su a Maradi, suka biyo su gida suka ƙara. Ranar da suka kara da yaran mota ƙwallo ta fashe ana tsakiyar wasa, aka zauna ana jiran baduku ya ɗinke ta, kuma wannan zaman shi ne lokaci mafi tsawo da suka yi ba a ci su ba. Ga shi wasannin rukuni a rani ake yi, bayan an gama girbin gero an tone gyaɗa, daidai lokacin da samari ke ɗaure ƙunshi su tafi cin rani Najeriya. Mato, mutumin garin Gabi, ya tafi ba sallama. Wasu 'yan'uwa biyu daga ƙauyen Sarkin Yamma suka bi bayansa. Kanta ya riƙa cike gurbi da duk wanda ya samu. Har wani ɗan kokawa ya kawo, wanda da abokin karawa ya taho da ƙwallo ya rungume shi ta ƙugu ya maka shi da ƙasa, sannan ya tsaya yana taƙama yana jiran makaɗi ya yi masa take. Alƙalin wasa ya kore shi, ya fita yana tambayar mutane laifin me ya yi.

Sai Mushe Sule, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke karɓo musu saƙo daga Maradi, ya zo da labarin cewa duk ƙungiyar da ta kasa tara mutum goma sha ɗaya za a cire ta daga rukunin gaba ɗaya. Daga nan Kanta ya daina zama wuri ɗaya. Ka gan shi a lambun wani yana roƙon a ba shi aron yaro, ka gan shi a bakin tafki yana lallashin masunci, ka gan shi a fili shi kaɗai yana gyara itacen da ba abin da ya same shi. Ya rame, idanunsa suka faɗa.

A gidana ma ba zaman lafiya. Yahaya ya ɗauki komar kamun kifi zai ɗinke, ya ajiye ta rabi. Ya je ban ruwa a lambu, ya dawo tun rana ba ta yi zafi ba. Na lura kullum ƙafarsa na kai shi inda motoci ke lodin gyaɗa zuwa Kano, wurin wani direba mai suna Tanko, mutum mai zaƙin baki. Tanko ya gaya masa cewa a Kano akwai kamfanonin da ke ɗaukar saurayi aiki saboda gudunsa kawai, su ba shi riga da takalmi. Ban san gaskiyar maganar ba, amma na san irin wannan tafiyar. Ɗan cin rani yakan dawo da ruwan farko. Wanda ya tafi da ɓacin rai ba ya dawowa, sai dai a riƙa jin labarin an gan shi. Tsoro ya kama ni sosai, domin ba ni da kowa sai shi.

Da na tsare shi da tambaya bai ɓoye mini ba.

"Goggo, ba kunyar nike ƙi ba," in ji shi. "Ni ma in na hango Baba tahe, hanya nika sakewa. Amma a hili hwa? Audu na da suna, Mato na da suna, jakin Mushe ma na da suna. Ni kaɗai ne kai. Na gaji da ɗaga hannu. In an gama wasan Lahadin ga, Tanko zan bi."

Na yi masa faɗa, na yi masa lallashi, na ce in ya tafi wa zai ɗebo mini ruwa. Ya ce zai aiko. Duk masu tafiya haka suke cewa.

Washegari na yafa zane na tafi gidan Kanta. Na same shi a tsakar gida yana shafa wa ƙwallo kitse, yana lallaɓa ta yadda bai taɓa lallaɓa ɗan mutum ba. Ban yi wata doguwar gaisuwa ba. Na ce masa Yahaya zai tafi, Yahaya ya ɗaure kayansa, Yahaya ba zai dawo ba. Da gangan na yi ta nanata sunan, shi kuwa yana ta kau da kai kamar mai gudun fantsalin man suya. Na ce abin da ake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba: ya buɗe baki ya kira yaro, ya jefa masa ƙwallo kamar kowa.

"Yaya, so kike in zama abin dariya cikin gari?" in ji shi. "Ke ma ɗiyar hwari ce. Ubanmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanki ba. Mi ya rage ki da shi?"

"Shi ya sa nika gaya maka," na ce.

Ban yi niyyar faɗin haka ba. Ni na yi jinyar mahaifinmu a ciwonsa na ƙarshe. Na zauna a gefen tabarmarsa ina jira, ina cewa ko yanzu da ba kowa a ɗakin zai faɗa sau ɗaya. Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne, ke, ba ni ruwa. Na san yana sona, ban taɓa shakka ba. Amma har yau in na tuna, abin na yi mini ciwo.

Kanta ya ci gaba da shafa kitsensa. Can ya ce a bar shi ya tafi in tafiyar zai yi, ai namiji ne. Sai dai na ga igiyar ƙwallon ta kuɓuce masa sau biyu kafin ya iya ɗaure ta. Na fito ina zaginsa a zuci, shi da balo ɗin da wanda ya ƙirƙiro ta.

Wasan ƙarshe da 'yan dakon gyaɗa ne, a filinmu. In mun ci, mu bar musu gindin rukuni. In ba haka ba, Giwan Ruwa ce ta ƙarshe a cikin na ƙarshe. Da ƙyar Kanta ya tara sha ɗaya, har da wani mai gyaran keke da ya zo wucewa. Gari ya fito, domin mutane na son kallon faɗuwar babba. Dattawa suka shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, mata na leƙe ta bayan dangar lambu, makaɗi ya zo da gangarsa ko da yake ba wanda ya gayyace shi. A bakin hanya kuwa ga motar Tanko an gama yi mata lodi, buhuna har sama, tana jiran a tashi wasa. Ƙunshin Yahaya na ƙarƙashin teburin kifina, shi ya kawo da kansa ya ce in riƙe masa. 

'Yan dako ƙarti ne, mutanen da suka saba ɗaukar buhu a wuya. Su suka fara ci. Bayan an huta an sauya gefe, ƙwallo ta bugi mai gyaran keke a ƙeya ta shiga gidansu, aka yi ɗaya da ɗaya, shi kansa bai san abin da ya faru ba sai da aka rungume shi. Daga nan suka taso mana gaba ɗaya. Kanta ya yi ta faɗuwa yana tashi, gwiwarsa ta goge, jini na bin ƙaurinsa. Rana ta yi sanyi, alƙali ya fara duban agogo.

Sai wani ƙaton ɗan dako ya sheƙo wata ƙwallo, Kanta ya yi sama ya cafe ta. Duk 'yan dako sun taho gaba, bayansu ba kowa. Ga Yahaya a gabana, shi kaɗai, ya fara gudu, amma wannan karon ko hannu bai ɗaga ba. Na ga Kanta ya dubi Audu, Audu na duƙe yana tari. Na ga ya dubi bakin hanya inda motar take. Sannan ya buɗe baki da muryar barikin nan da ke tsallake tafki.

"Yahaya!"

Ya bugo ƙwallon, kuma ban taɓa ganin bugu mai kyau irin wannan daga ƙafarsa ba. Ta tashi sama ta nufo daidai inda yaron zai kai in ya ci gaba da gudu. Amma Yahaya bai ci gaba da gudu ba. Ya ja birki ya juya gaba ɗaya yana duban ubansa. Ƙwallo ta sauka a gabansa, ta yi tsalle, ta wuce ta gefen kaskona, ta faɗa tafki.

Fili ya yi tsit. Makaɗi ya tsaya da gula a sama. A gindin tsamiya wani dattijo ya yi salati da ƙarfi, wani ya rufe baki da gefen rawani. 'Yan dako da farko ba su gane ba, amma su ma 'ya'yan Hausawa ne, da wani ya raɗa musu sai wasu suka fashe da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Kanta na tsaye a tsakanin itacensa biyu, hannuwansa a sake, bai san inda zai sa fuskarsa ba. Ni kuwa kifina ya ƙone ƙurmus, sai ƙauri ne ya dawo da ni hayyacina.

Wani masunci ya shiga ruwa ya ɗauko ƙwallo. 'Yan dako suka jefo ta, namu goma har lokacin suna kallon-kallo, suka wuce su suka zura ta biyu. Kanta ko motsi bai yi ba. Alƙali ya busa, Giwan Ruwa ta zama ta ƙarshe.

Kanta bai bi 'yan wasa yana dafa kafaɗa ba ranar. Ya ɗauki jiƙaƙƙiyar ƙwallonsa ya bi ta bayan lambuna don kada ya ratsa gari. Tun kafin ya ɓace na ji ana cewa Turawa sun cinye masa kunya a wurin yaƙi, wani na kwaikwayon kiran, ana dariya. Na gaya wa mai kwaikwayon abin da ya kamata a gaya masa, da shi da kakarsa.

Yahaya ya zo ya tsuguna kusa da murhuna, gumi na zuba. A bakin hanya Tanko ya danna ƙaho.

"Goggo, kin ji?" in ji shi a hankali.

"Har mutanen Gabi sun ji," na ce. Sannan na tambaye shi abin da ya sa ya tsaya, bayan shekara guda yana neman a jefo masa.

"Na ɗauka wani abu ya same shi," in ji shi. "Na ce Baba ba zai kira ni ba sai in mutuwa zai yi."

Nan na yi kuka a gaban mutane, ban ma ce hayaƙi ne ba. Daɗi na ji, da tausayin ƙanena, da kuma ɗan kishi, gaskiya, domin yaron nan ya sami abin da na zauna a gefen tabarma ina jira ban samu ba.

Tanko ya sake danna ƙaho, da ya gaji ya tako da kansa. Ya ce rana na faɗuwa, hanya da nisa. Yahaya ya dubi ƙunshinsa, ya tarar ina zaune a kai. Bai ce in tashi ba. Ya ce wa Tanko ya tafi dai, yau ba ya tafiya. Tanko ya tambaya ko sai wani lodin, ya ce ya tafi dai. Muna nan muka ji motar ta tashi tana nishi, ta ɗauki hanyar Katsina.

Ba a cire Giwan Ruwa daga rukuni ba, tunda ta tara mutanenta har ƙarshe. An bar ta a gindi ta sake gwadawa baɗi. Kanta ya yi kwanaki bai fito majalisa ba, masallaci ma sai an tayar da salla yake shiga ta sahun baya. Bai sake kiran sunan ba, ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya nemi ya sake. Amma da aka koma gwaji, duk lokacin da ya cafe ƙwallo ya ce kai, mutum tara suka daina waiwaye, domin sun san gefen hagu za ta.

Ranar da ya fara fitowa, gidana ya zo da la'asar, da kifi rataye a igiya. Ya tsaya a zaure kamar kullum, ya yi gyaran murya.

"Yaya, mutanen gidanki lahiya?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji an riga ni daga tsakar gida, inda Yahaya ke zaune yana ƙarasa ɗinkin komarsa.

"Lahiya lau, Baba."

Kanta ya ajiye kifin, ya daɗe yana gyara masa zama a kan tabarma kafin ya fita.